Tarihin Abebe Bikila, gwarzon gudun fanfalaki na ƙasar Habasha

Abebe Bikila, wanda ya rasu a shekarar 1973 yana da shekara 41 a duniya, shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci lambar zinare a gasar wasannin Olympics.

Ya ci lambar ne a birnin Rum na ƙasar Italiya a 1960, a tseren gudun fanfalaki mai nisan kilomita 42 da mita 195, kuma ya yi gudun ne daga farkonsa har ƙarshensa babu takalmi a ƙafarsa.

Rashin takalmin nan shi ne abin da duniya ta fi riƙewa game da shi, har ya kusa danne sauran labarin. Mutane da yawa sun ɗauka cewa wani baƙauye ne da ya faɗo gasar haka kawai, sa'a ta yi masa rana.

Amma wanda ya bi sawunsa a titunan biranen da ya yi gudu, daga Rum zuwa Boston, daga Tokyo zuwa birnin Meziko, zai tarar da sojan da aka shafe shekaru ana shiryawa, wanda kuma ya ɗanɗani nasara da kaye, kowanne a gaban dubban jama'a.

Yarinta a lokacin mamaya

An haifi Abebe ranar 7 ga watan Agustan 1932 a ƙauyen Jato da ke yankin Selale na lardin Shewa, arewa da birnin Addis Ababa. A wannan ranar ce kuma aka yi tseren gudun fanfalaki na gasar Olympics a birnin Los Angeles na Amurka.

Yana ɗan shekara uku sojojin Italiya, bisa umarnin Benito Mussolini, suka abka wa Habasha a watan Oktoban 1935. Sun kama Addis Ababa a watan Mayun 1936, Sarki Haile Selassie kuma ya tafi gudun hijira Ingila, bai komo ba sai 1941.

Yaƙin ya tilasta wa iyalin su Abebe barin gida zuwa wani gari mai nisa da ake kira Gorro. Bayan ƙura ta lafa suka dawo yankinsu suka ci gaba da noma da kiwo.

Yankin na Selale ya ga tashin hankali a lokacin. A can ne gidan ibadar Debre Libanos yake, inda sojojin Italiya suka hallaka ɗaruruwan malaman addinin Kirista a 1937.

Kamar sauran yaran karkara, Abebe ya taso yana buga wani wasan gargajiya mai suna gena, wanda ya yi kama da ƙwallon gora. A wasu wuraren tazarar da ke tsakanin gidajen ci biyu takan yi nisa ƙwarai, saboda haka wasan kansa gudu ne mai cin rai.

Soja da mai horar da shi

A farkon shekarun 1950 ya koma Addis Ababa, kuma wajen 1952 ya shiga rundunar dakarun da ke tsaron fadar Sarki Haile Selassie.

A nan ne ya haɗu da mutumin da ya sauya masa rayuwa, wato Onni Niskanen, haifaffen ƙasar Finland wanda ya tashi a Suwidin. Gwamnatin Habasha ce ta ɗauke shi aikin horar da sojoji motsa jiki.

A tsakiyar shekarun 1950 Abebe kan yi gudu kullum tsakanin tsaunukan Sululta da Addis Ababa. Birnin kansa yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400 daga doron teku, inda iskar shaƙa ba ta da yawa kamar ta ƙasa. Wanda ya saba gudu a irin wannan wuri, idan ya sauko birnin da ke kusa da teku sai ya ji numfashi ya yi masa sauƙi.

A wancan zamani masana wasanni a Turai ba su gama fahimtar amfanin hakan ba. Sai daga baya ne horo a kan tuddai ya zama abin da manyan 'yan tsere ke yi wa tururuwa.

A 1956 Abebe ya zo na biyu a gasar rundunonin sojan Habasha, bayan Wami Biratu, wanda shi ne zakaran ƙasar a lokacin.

Akwai wani labari da ya yaɗu cewa Wami ne zai je Rum, sai ya ji rauni, aka cusa sunan Abebe dab da tashin jirgi. Ɗan jaridar Birtaniya Tim Judah, wanda ya rubuta tarihin Abebe, ya nuna cewa zuwan nasa shiri ne da aka daɗe ana yi.

Alƙaluma ma sun goyi bayan hakan. A watan Yulin 1960 Abebe ya ci tseren fanfalaki a Addis Ababa. Bayan wata guda ya sake ci, cikin sa'a 2 da minti 21 da daƙiƙa 23, lokacin da ya fi bajintar da Emil Zatopek na Chekoslobakiya ya kafa a gasar Olympics ta 1952 a birnin Helsinki.

A Turai dai babu wanda ya damu da labarin wani tsere da aka yi a Addis Ababa.

Daren birnin Rum

Niskanen ya sanya 'yan Habasha biyu a tseren na Rum, Abebe Bikila da takwaransa Abebe Wakjira.

Da suka isa birnin, Abebe ya sami sabbin takalman gudu, amma ba su zauna masa daidai ba, suka fitar masa da bororo. Wannan ne dalilin da ya sa ya yanke shawarar ajiye su. Tafin ƙafarsa ya riga ya yi kanta, domin ya saba da gudu haka nan a gida.

An yi tseren ne ranar 10 ga watan Satumba. Saboda zafin rana, masu shirya gasar sun sa a tashi da yammaci a ƙare da dare. Sun kuma zaɓi hanyar da za ta nuna wa duniya kayan tarihin birnin, don haka ba a tashi daga filin wasa ba, ba a kuma ƙare a cikinsa ba, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar.

An tashi daga gindin tsaunin Kapitol, wanda jifa kaɗan ne tsakaninsa da dandalin Venezia, inda Mussolini ya tsaya a 1935 ya shaida wa jama'arsa cewa zai yaƙi Habasha.

Haka kuma hanyar ta ratsa sau biyu ta gefen dogon ginshiƙin dutsen nan na birnin Aksum, wanda sojojin Italiya suka kwaso daga Habasha a 1937 suka kafa a tsakiyar Rum. Italiya ba ta mayar da shi ba sai a 2005.

Wanda aka fi sa wa ido shi ne Sergei Popov na Tarayyar Sobiyet, mai riƙe da bajintar duniya tun 1958. Abebe, mai lamba 11 a ƙirji, bai shiga lissafin kowa ba.

A kashin farko na tseren wani rukuni ya ɓalle ya yi gaba. A cikinsa akwai Rhadi Ben Abdesselam na Maroko, da Arthur Keily na Birtaniya, da Aurele Vandendriessche na Beljiyam, sai kuma Abebe.

Kafin a kai kilomita 25 Turawan biyu sun sare, aka bar 'yan Afirka biyu a gaba, kafaɗa da kafaɗa.

Duhu ya shiga lokacin da suka hau tsohuwar hanyar Appia, wadda Rumawa suka fara shimfiɗawa tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Sojojin Italiya sun jeru a gefen hanyar riƙe da sandunan wuta suna haskawa. A cikin wannan haske ne masu kallo suka riƙa hango wani siririn mutum, sanye da jan gajeren wando da koriyar riga, yana tafe ba ƙarar takalmi.

Rhadi bai rabu da shi ba sai da ya rage kimanin mita 500. A nan Abebe ya ƙara wuta, ya isa ƙofar tarihi ta Sarki Konstantin da ke kusa da tsohon dandalin Kolosiyam cikin sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 16 da ɗigo 2.

Ya riga Rhadi da daƙiƙa 25, ya kuma karya bajintar Popov da ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Barry Magee na New Zealand ne ya zo na uku, Abebe Wakjira kuma na bakwai.

Maimakon ya zube ƙasa kamar yadda aka saba gani, sai ya tsaya yana sunkuyawa yana taɓa yatsun ƙafarsa, yana ɗan tsalle a wuri ɗaya.

Ya kamata a lura cewa kafin shi an sami 'yan Afirka da suka ci wannan tsere. Boughera El Ouafi a 1928 da Alain Mimoun a 1956 duk haifaffun Aljeriya ne, amma da sunan Faransa suka yi gudu. Abebe da tutar ƙasarsa ya zo, kuma a shekarar da ƙasashen Afirka 17 suka sami 'yancin kai. Nijar ta sami nata makonni biyar kafin tseren, Nijeriya kuma makonni uku bayansa.

Daraja da tuhuma

A Addis Ababa an yi masa tarba irin ta jarumin da ya dawo daga yaƙi. Sarki ya ba shi lambar girma ta Tauraron Habasha, aka kuma ƙara masa girma zuwa kofur.

Murnar ba ta daɗe ba. A watan Disambar 1960, yayin da Haile Selassie ke ziyara a Brazil, rundunar tsaron fadar, wato rundunar su Abebe, ta yi yunƙurin juyin mulki ƙarƙashin kwamandanta Janar Mengistu Neway.

An gwabza faɗa a tsakiyar birnin, yunƙurin ya ci tura, daga baya aka rataye Janar ɗin. An kama Abebe aka yi masa tambayoyi na ɗan lokaci, sannan aka sake shi, domin ba a same shi da hannu ba.

A 1961 ya koma fagen tsere. Ya ci na birnin Athens na Girka, inda ya sake yin gudu ba takalmi. Wannan ne karo na biyu kuma na ƙarshe da ya yi hakan a wata babbar gasa ta ƙasashen waje. A shekarar ya kuma ci na Osaka a Japan da na Kosice a Chekoslobakiya.

Sanyin Boston

Tseren birnin Boston na Amurka, wanda aka fara a 1897, shi ne mafi daɗewa cikin tseren fanfalaki da ake yi duk shekara a duniya. Ranar 19 ga watan Afrilun 1963 Abebe ya tsaya a layin farawa a garin Hopkinton, tare da abokinsa a aikin soja, Mamo Wolde.

A wannan karon babu batun raini. Zakaran Olympics ne ya zo, kuma kowa na jiran ya ga da tazarar minti nawa zai ci.

Sai dai hanyar Boston tana da nata makirci, wanda 'yan tseren da suka san ta suke tsoro. Kashinta na farko gangara ne, abin da kan yaudari baƙo ya saki jiki ya yi ta zura gudu. Gangarar tana cin naman cinya a ɓoye, mutum bai sani ba.

Daga wajen kilomita 26 sai hanyar ta shiga garin Newton, inda tuddai huɗu ke jere. Babu mai tsayin a-zo-a-gani a cikinsu, balle ga mutumin da ya taso a tsaunukan Shewa. Matsalarsu ita ce wurin da suke, domin suna zuwa ne daidai lokacin da ƙarfin da jiki ya tanada ya fara ƙarewa.

Ga kuma yanayi. 'Yan tsere suna fuskantar gabas ne, wajen tekun Atlantika, kuma a watan Afrilu idan iska ta taso daga teku, a fuska take dukan su.

Abebe da Mamo sun yi abin da baƙi suka saba yi. Sun fita a guje tun daga farko, suka yi gaba tare har kusan kilomita 29, bisa saurin da zai karya bajintar hanyar.

Daga nan sanyi da tuddan Newton suka kama su. Ƙafafu suka yi nauyi, waɗanda aka baro a baya suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya ci tseren shi ne Vandendriessche na Beljiyam, mutumin da Abebe ya baro a hanya a birnin Rum shekara uku kafin nan. Ya gama cikin sa'a 2 da minti 18 da daƙiƙa 58, ya kafa sabuwar bajinta a hanyar.

Abebe ya zo na biyar, kusan minti shida a bayansa. Mamo Wolde ya zo na 12.

Wannan shi ne kaɗai tseren ƙasashen waje da Abebe ya kai ƙarshensa ba tare da ya ci ba. Duk da wahalar da ya sha bai fice daga hanya ba, ko da yake zakaru da dama kan gwammace su janye da a gan su a matsayi na biyar.

Sai bayan shekara 25 aka sami ɗan Afirka ya ci tseren Boston, wato Ibrahim Hussein na Kenya a 1988. Shekarar da ta biyo baya wani ɗan Habasha, Abebe Mekonnen, ya ci.

Tiyata da Tokyo

Bayan kayen Boston wasu sun fara cewa tauraruwarsa ta dushe. Ya ba su amsa a gida a watan Agustan 1964, inda ya ci tseren fitar da gwani na zuwa Olympics cikin sa'a 2 da minti 16 da daƙiƙa 18, kuma a kan tudun Addis Ababa.

Ana saura 'yan makonni a tafi Tokyo, ciwon ciki ya kama shi yana cikin horo a Debre Zeit. Likitoci suka gano cewa afendiks ne, aka yi masa tiyata ranar 16 ga watan Satumba. Tseren kuwa ranar 21 ga watan Oktoba za a yi shi, wato makonni biyar kacal a tsakani.

Bai cika mako guda a asibiti ba. Duk da haka mutane kaɗan ne suka yi zaton zai iya kai ƙarshen tseren, balle ya ci.

A Tokyo ya sa takalmi da safa. Ya kuma nuna cewa bai manta da abin da ya same shi a Boston ba, domin a wannan karon wasu ya bari suka yi gaggawar.

Ron Clarke na Ostireliya da Jim Hogan na Ayaland ne suka ɗauki gaba da matsanancin sauri. Abebe ya biyo su a hankali, ya kamo su, kuma dab da kilomita 20 ya karɓi jagoranci. Clarke ya fara ja da baya. Hogan ya daure har bayan kilomita 35, sannan ƙarfinsa ya ƙare ya zauna a bakin hanya.

Abebe ya shiga babban filin wasa na Tokyo shi kaɗai, 'yan kallo kimanin 75,000 suka miƙe. Ya gama cikin sa'a 2 da minti 12 da daƙiƙa 11 da ɗigo 2, wata sabuwar bajintar duniya.

Fiye da minti huɗu aka yi kafin na biyu ya iso. A cikin wannan lokaci Abebe ya koma kan ciyawa ya kwanta rigingine yana wasa da ƙafafu a sama kamar mai tuƙa keke, yana miƙe gaɓoɓinsa, jama'a na ta tafi.

Na biyun shi ne Basil Heatley na Birtaniya, wanda bajintarsa ce aka karya a ranar. Ya wuce Kokichi Tsuburaya na Japan ne a cikin filin, a gaban mutanen ƙasarsa. Tsuburaya, wanda shi ma soja ne, ya karɓi lambar tagulla. Ya kashe kansa a watan Janairun 1968, yana fama da rauni a daidai lokacin da ake shirin gasar Meziko.

Idan ana batun ƙwarewa zalla, tseren Tokyo ya fi na Rum nesa ba kusa ba. A Rum da ƙyar ya tsere wa abokin hamayyarsa, a Tokyo kuwa babu wanda ya ga ƙurarsa. Amma hoton mai gudu da farar safa bai shiga zukatan mutane kamar na mai gudu ba takalmi ba.

Da wannan nasara ya zama mutum na farko da ya ci tseren fanfalaki na Olympics sau biyu. Mutum biyu ne kawai suka maimaita hakan a ɓangaren maza, Waldemar Cierpinski na Jamus ta Gabas a 1976 da 1980, da Eliud Kipchoge na Kenya a 2016 da 2021.

Sarki ya ƙara masa girma zuwa laftanar, ya ba shi gida da mota ƙirar Volkswagen.

Rauni da gasar Meziko

A 1965 ya koma Japan, inda ake matuƙar ƙaunarsa, ya sake cin tsere. A 1966 ya ci na Zarautz a Sifaniya, sannan na birnin Seoul a Koriya ta Kudu, ƙasar da rundunarsa ta tsaron fada ta tura bataliyoyi suka yi yaƙi a farkon shekarun 1950. Nasarar Seoul ce ta ƙarshe da ya samu a tseren fanfalaki.

A 1967 ya koma Zarautz, jijiyar bayan cinyarsa ta sami matsala, ya kasa gamawa. Daga nan raunuka suka riƙa bin juna.

Ya isa gasar Olympics ta birnin Meziko a 1968 yana da shekara 36. Birnin yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,200, wanda ya jigata Turawa amma ya yi daidai da 'yan Habasha. Sai dai Abebe ya shiga tseren ne da tsagewar ƙashi a ƙwaurinsa.

Ranar 20 ga watan Oktoba, bayan kimanin kilomita 16, ya fice daga hanya. Mamo Wolde, abokin wahalarsa a Boston, shi ya ci tseren, lambar zinare ta zauna a hannun Habasha karo na uku a jere.

Da suka koma gida aka ƙara wa Abebe girma zuwa kyaftin, muƙamin da ake kira shambel a harshen Amhara, kuma da shi mutanen ƙasarsa ke kiransa har yanzu.

Haɗarin mota

Da daren 22 ga watan Maris na 1969 motarsa ƙirar Volkswagen ta ƙwace masa ta kife, ya maƙale a ciki. Sai da gari ya waye aka ciro shi.

An yi saɓani kan musabbabin haɗarin. Bayanin da aka samu daga gare shi shi ne yana ƙoƙarin kauce wa wata mota ce da ta taho a guje. Wasu marubuta tarihinsa kuma sun kawo yiwuwar cewa ya sha giya a daren.

Ya ji rauni a laka, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Bayan mako guda aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, wanda ya yi suna wajen kula da masu irin wannan rauni. Ya yi wata takwas a can. Sarauniya Elizabeth ta biyu ta ziyarce shi, wasiƙun jaje kuma suka riƙa zuwa daga sassan duniya.

Sannu a hankali hannuwansa suka dawo aiki. Ƙafafun da suka yi masa suna kuwa ba su sake ɗaukarsa ba.

Asibitin na Stoke Mandeville shi ne tushen wasannin naƙasassu da suka rikiɗe suka zama gasar Paralympics, kuma wasa na cikin hanyoyin jinyar da ake bi a can. A 1970 Abebe ya shiga gasar da asibitin ke shiryawa, a kan keken guragu, ya fafata a harbin kibiya da ƙwallon tebur.

A 1971 aka gayyace shi wasannin naƙasassu a Norwe. Can ya shiga tseren keken da ke sulɓi a kan dusar ƙanƙara, abin da babu irinsa a ƙasarsa, ya kuma zo na ɗaya.

A gasar Olympics ta birnin Munich a 1972 ya halarta a matsayin babban baƙo, 'yan kallo suka miƙe tsaye domin girmama shi. Frank Shorter na Amurka ne ya ci tseren fanfalaki a shekarar, kuma bayan ya karɓi lambarsa ya je inda Abebe ke zaune ya miƙa masa hannu. Mamo Wolde, yana da shekara 40, ya zo na uku.

Rasuwarsa

Abebe Bikila ya rasu a Addis Ababa ranar 25 ga watan Oktoban 1973, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, wanda aka danganta da raunin haɗarin. Ya bar mata da 'ya'ya.

An yi masa jana'izar girmamawa ta soja, wadda aka ƙiyasta mutum 65,000 sun halarta, har da Sarki Haile Selassie, wanda ya ayyana ranar makoki. An binne shi a maƙabartar cocin Saint Joseph da ke birnin.

Ba a cika shekara guda ba sojoji suka hamɓarar da Sarkin a watan Satumbar 1974, daular da Abebe ya yi wa aiki ta zo ƙarshe.

Mamo Wolde ya yi tsawon rai fiye da shi, amma ƙarshensa ya zo da ɗaci. An tsare shi shekara tara bisa zargin hannu a kisan da aka yi zamanin mulkin soja na Derg, zargin da ya musanta. An sake shi a farkon 2002, ya rasu bayan 'yan watanni.

Cikin tsere 16 na fanfalaki da Abebe ya shiga, ya ci 12. A yau akwai filin wasa mai sunansa a Addis Ababa, kuma tun 1978 ƙungiyar da ke shirya tseren birnin New York ta ƙirƙiro wata lambar yabo da sunansa domin waɗanda suka yi wa gudun dogon zango hidima.

Hanyar da ya share ce Miruts Yifter da Derartu Tulu da Haile Gebrselassie da Kenenisa Bekele suka biyo. Fatuma Roba, wadda ta ci tseren fanfalaki na mata a gasar Olympics ta 1996, ta je Boston ta ci sau uku a jere, daga 1997 zuwa 1999.

A 2010 masu shirya tseren birnin Rum sun sadaukar da na shekarar ga cika shekara 50 da nasarar Abebe. Wani ɗan Habasha, Siraj Gena, shi ne a gaba lokacin da aka doshi ƙarshe. Saura kimanin mita 300 ya tsaya ya tuɓe takalmansa, ya ƙarasa da ƙafa a kan duwatsun titin, ya kuma zo na ɗaya.